Ƙofar da Zubairu ya bar wa Aminu

Duk danginmu, daga Umbadda har Soba, babu wanda ya kai Zubairu ɗan Gwaggo Mariyamu yawan sunayen tsokana, kuma fiye da rabinsu ni na raɗa masa. Ina da hurumi. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, tun kafin kakanninmu su ga Nilu al'ada ta ba ni damar in zolaye shi har ya yi kuka, ba mai shiga tsakani. Abin haushin shi ne Zubairu ba ya kuka, ba ya ramawa. Kallonka zai yi ta saman tabarau kamar ya ga rediyon da ya fi ƙarfin gyara, ya ci gaba da sha'aninsa.

Aboki ɗaya tak ya taɓa yi a duniya. Shi ma da hannunsa ya kulle shi a waje, shekara da shekaru, bai sani ba. Ni Ɗanjuma, kumsarin hafila a Suk al-Shabi, wato mai karɓar kuɗin mota da kwarmata sunayen unguwanni, a gabana aka yi mafi yawan abin. Wanda ba a yi a gabana ba, daga bakin Zubairu na tatso shi, kuma wallahi cire ƙusa daga tayar hafila da haƙori ya fi wannan aikin sauƙi.

A Jazira aka haife mu, a kambo, wato sansanin masu tsintar auduga. Tun muna yara ba ya cikinmu. Muna can muna tsalle a bakin ruwa, shi yana gindin bango ya kwance rediyon babana gunduwa-gunduwa. Da ya mayar, sukurori suka yi saura cike da tafin hannu, amma rediyon ya fi da murya. Ni dai na rantse har tarin mai karanta labarai muke ji kafin ya yi shi. Da babansa ya rasu muka tattaro muka dawo Umbadda, shekara guda kafin soja su karɓi mulki. Ni a aji biyar malamai suka haɗu suka roƙe ni in tafi in huta. Shi ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma da aka zo maganar jami'a sai aka ce ya kawo takardar jinsiya, shaidar ɗan ƙasa. A ofishin aka tambaye shi ƙabilarsa, ya faɗi gaskiya, aka ce ya je ya zo da wanda ya san kakansa. Kakan nan kuwa a ƙafa ya taso daga Tasawa zai tafi Makka, auduga ta riƙe shi a hanya. Wa ya san shi ban da Allah da mai gona?

Daga ranar Zubairu ya koyi abu ɗaya: kada ka faɗa wa kowa kai wane ne.

Ya samu aikin shara a wata kwalejin addini a Khartum, inda ɗalibai daga Najeriya da Nijar suke da yawa. Aka ba shi ɗakin kwamfuta ya riƙa gogewa. Injiniyan wurin, wani Sharafaddeen, ya lura mai sharar nan yana daɗewa a bayan kujerarsa fiye da yadda ƙura ke bukata, sai ya fara nuna masa abubuwa. Da injiniyan ya samu aiki a Saudiyya, ya miƙa masa makullai da wani littafin Turanci mai kaurin bulo, ya ce, "Ka riƙe kafin a kawo wani." Ba a taɓa kawo wani ba. Zubairu ya cinye littafin nan da ƙamus a gefe, kalma-kalma, kamar mai tsince tsakuwa daga wake.

Ɗakin ba shi da taga. Sanyinsa kamar firjin mahauta. A kusurwa akwai babbar na'ura, ita ce uwar sauran, ba a kashe ta, kullum tana gurnani ƙasa-ƙasa. Ni na sa mata suna Hajiya, na kuma sanar a gida cewa Zubairu ya yi aure a ɓoye. Gwaggo Mariyamu ta jefe ni da ludayi, amma daga baya na ji da kunnena tana tambayarsa, "Ya jikin Hajiyar taka?"

A kwaleji sunansa Zubair, Larabci zalla yake yi. Ɗaliban Kano da Damagaram suna zaune a gabansa suna gulmarsa da Hausa, suna kiransa Mujiya saboda tabarau da rashin magana, yana jin komai, ko gira ba ya ɗagawa. Idan lokacin fatur ya yi, wato karin kumallo, ƙarfe goma da wani abu, ma'aikata su kewaye kwanon ful ɗaya, dafaffen waken nan namu, suna hira da shewa, shi ya ɗauki nasa a ɗan kwano ya shige bayan Hajiya ya ci shi kaɗai. Ya tsallaka gadar Nilu da safe bai yi magana da kowa ba, ya tsallako da yamma haka. Na sha ɗaukarsa a hafilarmu. Ko kuɗin mota a shiru yake miƙo mini, ni kuma in karɓa, don zumunci daban aiki daban.

Wata rana yana gyaran wata waya a ƙarƙashin tebur, wuta ta fizge shi. Mutumin da ya shekara bakwai yana ɓoye harshensa sai ga shi ya kurma ihu, "Wayyo inna!"

Ɗalibi ɗaya ne a ɗakin, wani dogo siriri mai wushirya, Aminu, ɗan Nijar. Ya leƙo ƙarƙashin teburin ya ce, "Ikon Allah. Ashe wutar Sudan Hausa take koya wa mutane."

Zubairu ya ce da Larabci, "Ban fahimce ka ba."

"Ka fahimta sarai. Innar taka 'yar ina ce?"

Can, yana tsotson yatsa, ya ce, "Kakana ɗan Tasawa ne."

Aminu ya zauna daɓas a ƙasa. "Kai! Ni ɗin nan a Tasawa aka yanke mini cibiya. Fito, fito in gan ka da kyau."

Bai tona masa asiri ba. A gaban mutane yana ce masa Ustaz Zubair, idan ɗaki ya watse ya koma Malam Zubairu. Ya fara kawo burodinsa bayan Hajiya, kwano ɗaya ya zama na mutum biyu. Shi ya koya wa Zubairu rubuta Hausa da boko, don mu nan magana kawai muke yi da ita, ba mu taɓa ganin ta a takarda ba. Yana yi masa dariya wai Hausarsa ta tsofaffi ce, irin wadda kakarsa take yi, an zuba mata Larabci kamar an yi ɓarin gishiri a miya. Zubairu kuma ya koya masa na'ura. Ran Juma'a ya biyo shi Umbadda, Gwaggo ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta zaunar da shi tana tambayarsa ko har yanzu akwai wata rijiya da babanta yake ba ta labari. Aminu ya ce akwai, ruwanta ma ya fi da daɗi. Ni na san ƙarya yake yi, don idonsa irin nawa ne, amma ƙarya ce mai kyau.

A wannan tsakar gidan na fara jin dariyar Zubairu. Ba ta da daɗin ji ko kaɗan, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Akuyar maƙwabta sai da ta tsinke igiya. Na ce, "Malam Aminu, don Allah ka daina ba shi dariya, muna da masu ciwon zuciya a layin nan."

Aminu ya ce, "Kishi kake yi, kumsari."

Na ce, "Ni? A kan wannan? Na ba ka shi kyauta, har da tabarau."

To, a shekarun nan akwai wani mutum mai baƙin gilashi da yake zuwa ɗakin kwamfuta lokaci-lokaci, daga irin ofishin da ba a kiran sunansa da ƙarfi. Ba ya zagi, ba ya tsawa. Zai zauna ya sha shayi, ya ce a buga masa takardar waɗanda suka yi hulɗa da waje ta na'ura. Duk ranar da ya zo, Zubairu ba ya iya cin tuwon dare. Gani yake ranar da aka gane shi Bahaushe ne mara jinsiya, yana riƙe da makullan irin wannan ɗakin, kuma yana da aboki ɗan wata ƙasa, to shi ke nan.

Saboda haka da Aminu ya gama karatu zai koma gida, shekarar dubu biyu da biyu, Zubairu ya kafa masa sharuɗɗa kamar mai ba da aron bindiga.

"Kada ka rubuto wasiƙa, buɗewa ake yi. Kada ka kira wayar ofis. Kada ka aiko ɗalibi da saƙo."

"To in aiko tsuntsu?"

"Na bar maka ƙofa ɗaya."

Ƙofar ita ce wata hanya da ake ajiye fayil a cikin Hajiya daga ko'ina a duniya. Mutum ya shiga shagon intanet, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, mai gadin ƙofar, wanda shi ma wani shiri ne a cikin na'urar, ya buɗe masa ɗan ɗakinsa ya ajiye abin da ya kawo. A ƙa'ida ana share sunan ɗalibi idan ya gama. Zubairu ya bar na Aminu. Kuma don kada mai baƙin gilashi ya ga sunan, ya saita na'urar ta daina rubuta wanda ya zo wannan ƙofar, ko ya shiga ko an kore shi. Suka je wani shago a Suk Arabi suka gwada, ƙofa ta buɗe lafiya lau. Aminu ya yi alkawari zai riƙa ajiye gaisuwa duk Juma'a, kuma zai ɗauko wa Gwaggo hoton rijiya ko da sai ya haƙa ta da kansa.

Da a nan Zubairu ya tsaya, da ba ni da labari. Amma ya so ya yi wa abokinsa kyautar ban kwana, kuma mutumin da bai taɓa ba kowa kyauta ba bai san turare ko jallabiya ba. Sai ya yi abin da ya iya.

A irin na'urar tasu, kowane mai suna yana da wani ɗan aike da ke tarbarsa idan ya zauna ya shiga, ya karɓi umarninsa ya kai ciki. Shel suke ce masa. Waɗanda suka zo da na'urar ba su da tarbiyya, ba sannu ba maraba, alama ɗaya za su ƙyafta maka su tsaya jira. Zubairu ya yi makonni yana ƙera nasa, mai jin Hausa. Ranar ƙarshe, jakar Aminu na bakin ƙofa, ya canza masa ɗan aike a ɓoye ya ce, "Zauna ka shiga sau ɗaya."

Aminu ya rubuta sunansa. Allon ya ce:

"Maraba da Aminu ɗan Tasawa. Ka zo lafiya?"

Ya yi dariya, ya rubuta umarnin duba fayil. Allon ya ce:

"Ba mu gaisa ba tukuna."

Dole sai da ya amsa ina gajiya, ina mutan gida, ina zafi, yaya haƙuri da mu, tiryan-tiryan yadda Gwaggo take yi, kafin na'urar ta yarda ta yi masa aiki. Da zai fita ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Kada ka daɗe." Zubairu ya ce Aminu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ni ban gani ba, amma na ga idonsa a tasha, kamar an barbaɗa masa barkono.

Abin da Zubairu bai sani ba, kuma gara ku san shi tun yanzu, shi ne kyautar nan ita ta kulle ƙofar. Mai gadin ƙofa ba kalmar sirri kaɗai yake dubawa ba. Yana duba wane ɗan aike mutum yake da shi, sannan ya nemi jerin sunayen 'yan aiken da aka amince da su a gidan. In bai ga naka a ciki ba, ba zai buɗe ba, kuma ba zai faɗa maka dalili ba. Cewa zai yi sunanka ko kalmar sirrinka ba daidai ba ne. Zubairu ya ƙera ɗan aike mai gaisuwa, ya ɗaura wa abokinsa, bai rubuta sunansa a jerin ba. Bai ma san akwai jerin ba. Gwajin da suka yi a Suk Arabi kafin kyautar ne.

Sai jira ya fara.

Asabar ita ce farkon makonmu a lokacin. Zubairu zai riga masu shara isa, ya buɗe ɗakin Aminu daga cikin na'ura, ya tarar da shi wayam. Watan farko ya ce hanya ce da nisa. Na biyu ya ce Tasawa ba intanet, sai an je Maraɗi. Bayan Sallah ya daina kawo uzuri. Gwaggo takan ce, "Yaron nan na rijiya shiru?" Ya ce, "Shiru, Inna." Daga baya ita ma ta daina tambaya, sai dai duk Juma'a tuwon da take tuƙawa ya fi ƙarfin mutum biyu, ni nake zuwa in rufa mata asiri.

Na yi tsokanata, ba zan ɓoye ba, aikina ne. Na ce mutumin ya samu matar da ta fi Hajiya magana. Na ce da ma don sanyin ɗaki yake zuwa. Zubairu ya dube ni ya ce, "Wataƙila," a wata irin murya da ta sa na canza zance zuwa tsadar mai.

Ya koma cin ful shi kaɗai. Dariyar gadon ƙarfe ta ɗauke, akuyar maƙwabta ta yi ƙiba. Idan ɗalibai suka watse bayan azahar, yakan kira ɗan aiken nan su gaisa. Shi ya rubuta tambayoyin, shi yake amsawa. Na taɓa shiga ban yi sallama ba na tarar allon yana cewa "Yaya haƙuri da mu?" shi kuma ya zuba wa rubutun ido, hannunsa a cinya. Ko sau ɗaya bai taɓa gwada ƙofar daga waje da sunan Aminu ba, ko da yake ya san kalmar sirrin. Wai ɗakin mutum ne, ba a shiga da makullinsa ba ya nan. Kullum daga ciki yake kallon ƙofar, daga ciki kuwa lafiyarta ƙalau.

Haka aka ci shekara huɗu.

Wata bazara hafilarmu ta kwanta a gareji, zafi kuma ya kai inda kwalta ke kama takalmi ta ƙi saki. Na mayar da ɗakin Zubairu wurin barcin rana. Ganin ina nan kullum kamar kujera, wata rana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In buɗe maka suna a na'ura?"

"In yi me da shi? In saka fasinja?"

"Ka dai gwada."

Ya buɗe, ya ɗaura mini ɗan aiken nan mai gaisuwa. Allon ya ce, "Maraba da Ɗanjuma mai surutu." Na ce ko na'ura ta san manyan mutane. Na gane so yake wani ya amsa gaisuwar ban da shi, don haka na zauna na amsa da yatsa ɗaya, ina neman kowane harafi kamar mai neman canji a aljihu. Da na gama ya ce akwai shagon intanet a bayan tasharmu, in na ga dama in riƙa ajiye masa saƙo ta ƙofar waje. Mutumin da muke kwana layi ɗaya! Amma na ce to.

Na je shagon, na rubuta sunana, na rubuta kalmar sirri, wadda ita ce kumsari. Aka ce ba daidai ba. Na sake, aka ce ba daidai ba. Na sake har mai shagon ya fara tausaya mini. Na dawo na ce, "Hajiyarka ba ta da mutunci. A gida ta ce maraba, a waje ta ce ba ta san ni ba."

"Ba ka iya rubutu ba ne."

"Ya zol, bawan Allah, kumsari fa! Sana'ata! Ko a mafarki aka tashe ni zan rubuta ta."

"Aji biyar," in ji shi.

"Aji biyar da rabi. Taso mu je, in ka shiga na yarda ni jaki ne har gaban Gwaggo."

Ranar Alhamis bayan an tashi aiki muka tafi. Ya zauna yana hura hanci, ya rubuta sunana. Ba daidai ba. Ya goge tabarau ya sake. Ba daidai ba. Ya rubuta nasa sunan, ƙofa ta buɗe nan take. Na fara rawa a bayansa ina cewa a kawo wa jaki ciyawa. Bai juyo ba. A hankali ya rubuta sunan Aminu.

Ba daidai ba.

Na daina rawar.

Ban taɓa ganin Zubairu yana gudu ba sai ranar. Muka koma kwaleji a raksha mai ƙafa uku, ya buɗe ɗaki, ya jawo bulon littafinsa, ya kira bayanin mai gadin ƙofa a allo yana bi da yatsa, leɓensa na motsi. Can ya tsaya a wani layi.

"Getyuzashel," ya ce.

"Aljani ne ko maganin basir?"

"Shi mai gadi yake aika ya karanto masa jerin. Ya kawo suna ɗaya, mai gadi ya gwada da na baƙo. Ba shi ba ne, kawo na gaba. Ba shi ba ne, kawo na gaba. Har ya ce sun ƙare. Sai a kori baƙon."

"Kamar sojan bakin gada."

"Sojan gada yana gaya maka laifinka wani lokaci."

Ya buɗe jerin. Na zata zan ga wani abu mai tsawo kamar layin burodi. 'Yan layuka ne da ba su cika rabin allo ba. Ya karanta su daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama, kamar sunan zai ji kunya ya fito. Sannan ya rubuta sunan ɗan aikensa a ƙasa. Rubutun bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Shi ke nan gyaran.

Ya ce, "Ya zo, Ɗanjuma. Na tabbata ya zo. An ce masa ƙarya yake yi." Ya nuna wurin da na'ura za ta rubuta wanda ya ƙwanƙwasa, wurin da shi ya toshe da kansa saboda mai baƙin gilashi. "Ko sau nawa ya zo ban sani ba."

Na fita na sayo masa shayi wurin Layla mai shayi a gindin dalbejiya. Ya huce a gabansa.

Yanzu ƙofa a buɗe take, amma wanda aka kora shekara huɗu ba shi da labari. Zubairu ba shi da adireshin Aminu, ba lamba, shi ya hana a ba shi. Ranar Asabar ɗaki cike da ɗalibai, ya miƙe tsaye, ya yi gyaran murya, ya ce da Hausa tsantsa, "Jama'a, akwai ɗan Tasawa a cikinku?"

Wallahi har Hajiya sai da ta sassauta gurnani. Waɗanda suka saba kiransa Mujiya suka fara neman ƙarƙashin tebur. Wani ya ce, "Innalillahi, tun yaushe yake ji?" Wani ɗalibi mai suna Habibu ya ɗaga hannu, ya ce shi ɗan Maraɗi ne amma yana da kawu a Tasawa. Na tambayi Zubairu daga baya, mai baƙin gilashi fa? Ya ce, "Bari ya ji. Na gaji."

Bayan hutu Habibu ya dawo da lamba. Lokacin wayar hannu ta cika gari, har Layla tana da ita, Zubairu ne kaɗai babu. Da tawa muka kira, a kan bencin Layla, na sa murya a fili don kada a yi ba ni.

"Salamu alaikum. Aminu?"

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?" Ana jin kukan jariri da zakara a bayansa.

"Zubairu ne."

"Wane Zubairu?"

"Na Khartum. Na bayan Hajiya."

Na duba ko layi ya yanke.

"Malam Zubairu. Kana raye ashe." Ba dariya a muryar. "Ka san sau nawa na hau mota zuwa Maraɗi? In zauna a shago in rubuta sunana, a ce ba a san ni ba. Na ɗauko hoton rijiya, na yi ta yawo da shi har faifan ya lalace. Sai na ce mutumin nan tsoro ya ci ƙarfinsa, ya share ni. Kai ka ce kada in rubuto, kada in kira. To na bi umarni."

Nan ne wurin da mutum zai ce na yi kewarka, ka yafe mini. Zubairu sai ya ce, "A'a, ka ga, akwai wani jeri." Ya shiga bayanin ɗan aike da mai gadi da getyuzashel, dalla-dalla, har da sunan wurin da jerin yake. Ina zungurinsa da gwiwar hannu ina cewa, "Ka ce ka yi kewarsa, jakin Allah!" Layla ta ajiye buta tana kallo.

Sai muka ji Aminu ya fashe da dariya. "Wato kyautar ce ta kore ni?"

"Ita ce."

"Kai, Malam Zubairu. Kai, Malam Zubairu." Ya ja numfashi. "Wannan muryar ta kumsari ce? Ka gaida shi. Ka gaida Inna. Ni yanzu a ƙauye nake koyarwa, da mata da yara biyu, rabona da kwamfuta har na manta. Ka bar ƙofar nan taka ta huta."

"Na gyara ta. A buɗe take."

"Na ji. Amma ka sayi wa..."

Katin ya ƙare.

Washegari ya sayi waya. Ya kira sau biyu ko uku, ban ji daɗin yadda hirar take ba. Bayan gaisuwa sai su tsaya, shi ba ya iya magana da wanda ba ya gani, Aminu kuma kullum akwai yaron da ke jan rigarsa. Kwanon ful ɗaya ba ya shiga waya. Na zata abin zai mutu a haka.

Wata Juma'a da la'asar muna tsakar gida, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Miskol. Lambar Nijar. Zubairu ya zabura zai bi kira, sai ga ɗan rubutu: "Kada ka kira. Sallama ce kawai. Mun sauko daga masallaci."

Tun daga ranar, in an sauko Juma'a a Tasawa, mu nan rana ta karkata, Zubairu yana kan gadon igiya a inuwar bango, waya a kan gwiwa. Ta yi ƙara sau ɗaya. Ya ce, "Wa alaikumus salam," a fili, ya mayar da miskol ɗinsa. Gwaggo daga madafa ta ce, "Ka tambaye shi rijiya." Ya ce, "Tana nan, Inna."

Ba kowace Juma'a take ƙara ba. Wani lokaci sai a jera makonni. Ran da ba ta yi ba, yana nan zaune har a kira magariba, sannan ya sa ta a aljihu ya ɗauki buta. Ni kuma in ce masa wataƙila kyauta ya sake aikawa. Ya dube ni ta saman tabarau. Ranar Asabar kuma, duk da an ce ya bari, sai ya riga masu shara isa ya buɗe ɗakin Aminu ya duba.